Masi Ba Za Ta Shiga Buhu Ba

Sau uku a mako guda Masi ta yi amai a kan tabarmin Siniva. Na ukun ne ya ɓata lamarin, domin a kan sabuwar tabarma ta yi shi, mai bakin jan ulu, wadda aka ajiye saboda ranar Juma'a. Ranar ce matan kwamitin tsabta za su zaga ƙauyen gida-gida, su duba shimfiɗu da gidan sauro da madafa. Siniva kuwa ita ce mai rubuta musu sakamako. Ina za ta sa fuskarta idan aka ji tsami a gidanta?

Masi kyanwa ce fara mai baƙin kunne ɗaya, ta tsohuwa Fuatino, uwar mijin Siniva. Tun tana 'yar mitsitsiya tsohuwar ta tsince ta a ƙarƙashin kwale-kwale, kuma tun daga ranar ɓera bai sake taɓa ganyen da take saƙa tabarma da shi ba.

Siniva ba ta tunkari tsohuwa ba, mijinta Lafaele ta samu. Ta ce kyanwar nan ciwo ne da ita, ko kuma ta ci wani mugun abu, gara ya sa ta a buhu ya kai ta can gonar gwaza a kan dutse ya sake ta kafin Juma'a. Gidan ba shi da bango, ginshiƙai ne da rufi, don haka Fuatino ta ji komai daga inda take zaune.

"Lafaele," in ji ta, ba tare da ta ɗago daga saƙarta ba, "ka nemo babban buhu. Mu biyu za ka ɗauka."

"Haba Mama, kyanwa ce fa."

"Kai ma ka yi mini amai a kan tabarma shekara biyu cur. Wa ya kai ka dutse?"

Lafaele ya sosa ƙeya ya fita duba tarunsa, alhali tarun ba abin da ya same shi.

Amma faɗa da baki ba ya tsayar da amai, Fuatino ta san haka. Da yamma, bayan an yi addu'a an ci abinci, sai ta dogara sandarta ta zagaya bayan madafa, inda rabonta da zuwa an fi shekara. A nan ake juye ragowar abincin gida a tsohuwar roba guda, sau ɗaya a yini. Karnuka uku suka rufa a kai, kaji na tsalle a gefe. Can ta hango Masi ta kutsa ta tsakanin ƙafafun karnukan, ta cafki loma ta haɗiye, ta sake cafka, kunnuwanta a kwance, ido a waje. Ko taunawa ba ta yi. Kafin a ƙirga ashirin robar ta koma fayau.

Tsohuwa ta bi ta a baya. Ba a jima ba kyanwar ta duƙa a gindin ginshiƙi ta mayar da komai. Fuatino ta sa tsinke ta tona, abin da ba wanda ya taɓa yi, kowa dai ya kawo ruwa ya kora yana tsaki. Gutsattsarin kifi ne yadda suka shiga, da ƙaya, da albasa, da maiƙon madarar kwakwa. Babu jini, babu tsutsa. Ta shafa bayan Masi ta ji tsoka, ba ƙashi ba. Da ta ga jini ko rama, da ta hau motar safe zuwa babban birni, Apia, wurin likitan dabbobi ko da za a yi mata dariya har tasha. Wannan kuwa ba ciwo ba ne. Tsoro ne da gaggawa.

Washegari ta sa aka dafa mata kifi da ruwa zalla, ba gishiri ba albasa, ta zare ƙayoyin da yatsunta. Sai tausayi ya kwashe ta, ta cika wa Masi ƙoƙon kwakwa fal. Kyanwar ta share shi kamar karnukan suna bayanta, ta je ta zubar a bakin matakala. Siniva ta wuce da tsintsiya tana waƙar coci da ƙarfi.

Fuatino ta ji kunya, amma ba ta nuna ba. Da rana ta yanko ganyen ayaba mai faɗi, ta ɗiɗɗiga kifin kaɗan-kaɗan, nan ɗigo, can ɗigo, ta danne kowanne da babban yatsa har ya manne. Dole Masi ta lasa, ta matsa, ta sake lasa. Sau huɗu a yini ta riƙa yin haka, a kusa da gwiwarta, inda kare ba ya isa. Ta kuma ɗauki matajinta tana taje kyanwar, gashi na fita dunƙule-dunƙule, wanda da cikinta zai tafi. Har lokacin cin abinci, sa'ad da kowa ke jiran Lafaele ya fara sa hannu saboda shi ke riƙe da sarautar gidan, ita sai ta fara shimfiɗa ganyen Masi. Siniva ta yi ƙorafi cewa yanzu kyanwa ta riga mai sarauta. Tsohuwa ta ce ai mai sarautar ya iya tauna.

Laraba ba amai. Alhamis ma haka.

Ran Juma'a da safe aka jera tabarmi da matasai da zannuwa a tsakar gida. Siniva ta roƙi a ɓoye kyanwar a ƙarƙashin kwando, na awa ɗaya kawai, ba buhu ba dutse. Fuatino ta ce ba ɓarauniya ba ce da za a kife ta. Ta sa farar rigarta, ta zauna a kan sabuwar tabarmar mai jan ulu, Masi a cinyarta.

Matan suka iso su takwas cikin atamfa iri ɗaya, matar fasto a gaba. Aka gaisa gaisuwa mai tsawo. Matar fasto ta dubi kyanwar, ta ce ta ji labari. Maimakon amsa, Fuatino ta shimfiɗa ganyen ayaba a kan tabarmar, ta ɗiɗɗiga kifi. Masi ta lashe tsaf a hankali, ta zauna tana wanke fuska. Mata takwas suka zuba mata ido, suna jira. Kyanwar ta miƙe, ta gantsare baya, ta buɗe baki. Siniva ta runtse ido. Hamma ce. Wata daga baya ta tuntsire da dariya ta toshe baki da mafici.

Matar fasto ba ta yi dariya ba. Ta ce ta gani, kyanwar ta warke, amma doka doka ce: dabba ba ta hawa shimfiɗa ranar duba gida. Idan ba a sauke ta ba, za a ambaci gidan nan a taro cikin waɗanda suka gaza.

Fuatino ta dubi Siniva, wadda ta riƙe alƙalami ido ya cika da hawaye. Ta ji zafin abin har cikin ranta, domin yarinyar ta yi wanki kwana uku. Amma ta san idan ta sauke Masi yau don a ji daɗi, gobe kwando ne, jibi kuma dutse.

"Rubuta, 'yata," in ji ta. "Kada ki sa sunan gidan. Ki sa Fuatino, da manyan baƙaƙe. Ni zan tashi a taron in amsa."

Matar fasto ta buɗe baki, sai ta tuna tsohuwar nan ce ta karɓi haihuwarta, ta mayar ta rufe. Siniva ta rubuta. Matan suka fara sauka daga matakala ɗaya bayan ɗaya.

"Ku gaida gida," Fuatino ta ce a bayansu. "Wata mai zuwa ku zo da wuri. A nan za ku same mu."