Libarbar Kaka Ta Sha Kwalliya

A Darra, garin maƙeran bindiga, ba a burge mutum da ƙyallin bindiga. Ka kai kowace iri ce kasuwa da safe, kafin la'asar an ƙera maka ƙanwarta, har da tambarin Ingila a jiki. Kowa ya san haka, ban da Baryalai, wanda zaman Dubai ya wanke wa kai tas.

Libarbar kakansu tana hannun yayarsa Zalanda tun rasuwar babansu. Kaka a hannun wani hafsan Turawa ya ƙwace ta, can a mashigar tsauni. Da yake 'ya'yansa maza biyu ne, sai ya sa aka ƙera irinta sak, ya ba kowa ɗaya. Ta gasken ita ta faɗo gidan su Zalanda, shaidarta kuwa saran wuƙar Kaka ne a jikin ƙotar icen, inda ya kai wa hannun Baturen sara ya kuskure. Gidan da ke da ta gaske shi ke fara harbin farin dutse ranar Sallah, kafin kowa a dangi ya taɓa kunamar bindigarsa. Bana kuwa Zamarak, ɗan baffansu, ya ga ƙasa ta rufe idon baban Zalanda, sai ya tada balli wai tasu ce ta asali. Aka ce to, Baba Tor Gul, tsoho ɗaya da ya rage cikin waɗanda suka san bindigar a hannun Kaka, shi zai duba su a gaban jama'a.

Zalanda ta ciro ta daga ƙasan akwati ta warware tsumman, ta miƙa wa ƙanen nata. Ya riƙe ta da yatsa biyu kamar an ba shi mataccen ɓera.

"Wai wannan ce? Haba Yaya, ko ɓarawon kaji ai ya fi ƙarfin wannan. Dubi tsatsa!"

"Ba tsatsa ba ce, shekaru ne. Mai kawai za ka shafa mata."

"Mai kawai," in ji shi, ya soke ta a ƙugu ya fita yana ƙamshin turaren da ke riga shi isa ko'ina.

Ana jajibirin Sallah ya dawo da ita cikin akwatin karammiski. Zalanda tana murza gurasa ya buɗe mata a gaban fuska. Sai da ta kare idonta. An goge bindigar an yi mata farin ruwa tana walƙiya kamar sabuwar butar shayi, an zana mata furanni tun daga baki har gindi. Tambarin Turawan da ya kusa shuɗewa an sake buga shi raɗau, aka ƙara masa kambi nan da can, kai ka ce sarkin Ingila da kansa ya zauna ya yi ta dangwalawa. Ƙota kuwa fara fat, ta ƙashin raƙumi.

"Ina ƙotar?"

"Ga ta kina gani."

"Ta Kaka nake nufi, Baryalai."

"Wancan ruɓaɓɓen icen? Har da tsaguwa fa a jikinsa. Na bar wa maƙerin."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta dai dube shi tun daga takalminsa mai tsini har gashin da ya sha mai, ta ce ya koma yanzu yanzu. Ya koma yana gunaguni. Maƙeri ya ce ai an share shago.

Ranar Sallah ta hau soro ta tsuguna bayan katanga, inda wani bulo ya fita, ana hango filin harbi da kyau. Maza sun cika, an kafa farin dutse a gefen tsauni, an shimfiɗa wa Baba Tor Gul darduma. Baryalai ne ya fara gabatar da tasa, har da ɗan rusunawa, yana waigen jama'a ko sun gani.

Tsohon ya juya ta, rana ta haske masa ido, ya tsuke fuska.

"Wannan ta wace amarya ce?"

Fili ya ɗauki dariya.

"Ta Kaka ce, Baba. Gyara na yi mata."

"Kakanka bai taɓa riƙe abin da ke ƙyalli ba, ɗana, don kada abokin gaba ya hango shi. Irin wannan ai a buhu ake sayar wa baƙi a bakin titi. Kai, har da kambi! Wa ya buga maka? Maƙerin nan Sabz Ali ko? Hannunsa ne, kullum sai ya karkace."

Sai Zamarak ya matso, salo-salo, ya ajiye tasa a kan darduma. Baƙa ce, ta dushe, ba ta da wani fasali. Amma tun daga soro Zalanda ta gane ƙotar. Ashe shagon da aka share, a aljihun Zamarak aka zuba sharar.

Baba Tor Gul ya shafa icen da babban yatsa, ya tsaya a kan saran. 

"Ga ta nan," ya ce. "Ga wuƙar marigayi."

"Ƙotarmu ce!" Baryalai ya yi tsalle. "Wallahi tamu ce!"

"To me take yi a jikin tawa, ɗan'uwa?" in ji Zamarak, yana murmushi. "Ko cewa za ka yi kai ka cire saran Kaka ka yar? Faɗa mana mu ji."

Baryalai ya dubi dattawan, ya ja da baya. Zamarak ya ɗura harsashi, ya saita, ya harba. Ko kusa da dutsen bai je ba, amma shi ya fara, kuma shi zai fara baɗi.

Da la'asar Baryalai ya shigo gida yana jan ƙafa, ya tarar da ita zaune a tsakar gida da 'yar kwalbar kwalli.

"Yaya, ni fa gyara na..."

"Miƙo ta."

Ya miƙa mata. Ta zazzage harsasan a cinyarta, ta goge gefen bindigar da bakin mayafi, ta ɗaga ta daidai fuskarta, ta shiga zizara kwalli a nutse.

"Ka iya sayen madubi," ta ce. "Matsa, kana tare min haske."