Tuwon Sadakar Uku

Kwana biyu ke nan Bashar yana zaune a tabarmar masu karɓar gaisuwa a ƙofar gidansu da ke Goronyo, hannayensa cikin aljihu saboda jan lallen da ya ƙi barin farcensa. Mahaifinsa ne ya rasu. A Sakkwato, inda yake girkin biki yana rawa da zane da ɗankwali, Humaira ake kiransa. Shekara tara rabonsa da garin nan, kuma ya gaji da ɗakin haya. Gida yake so.

Wansa Lawwali ya kafa masa sharaɗi tun isowarsa. "Ka zamna cikin maza hal a yi ukku, ka yi magana awa namiji. In ka iya, ɗakin Baba naka na."

Ya daure kuwa. Ya kumbura murya, ya hana wuyansa karkacewa. Samarin unguwa dai suna kan benci a tsallaken hanya, ba su yi masa gaisuwa ba, ba su kuma ɗauke ido daga kansa ba.

* * *

Ranar uku da hantsi ya shiga cikin gida ɗebo ruwan buta, sai ƙauri ya doki hancinsa. Tuwon sadaka ne ke kamawa. Mahaifiyarsa, Inna Fatimatu, tana fama da muciya, 'yan matan da ke taya ta sun yi cirko-cirko. Tausayi ya kama shi. Bai san sa'ad da ya fizgi zane daga igiya ya ɗaura a ƙirji ba. Ya rage wuta, ya karɓi muciyar, ya shiga tuƙi, ƙugunsa na bin hannunsa. Rabon da ya ji daɗin gidan nan haka tun yana ƙarami.

"Allah shi yi maka albarka," in ji Inna a hankali.

Sai Bashar ya ɗaga kai. Lawwali ne tsaye a bakin zaure, kawunan samari a bayansa.

"Mi kaka yi haka?" in ji Lawwali.

* * *

Da azahar Bashar ya fito da jakarsa, ɗakin Baba ya kuɓuce masa. Maza sun kewaye kwanuka suna santi, wani dattijo na tambayar wace mai albarka ce ta yi tuƙin. Bashar ya wuce su ya nufi tasha. A bayansa baburan samarin nan uku suka tashi, suka biyo shi a hankali, ba mai gaggawa a cikinsu.