Jarrabawar Buba a Dingaya

Buba ne kaɗai ya tuɓe takalmansa. Ya ajiye su can nesa da tabarmin dattawa, ya taho a sunkuye, alhali sauran ɗalibai suna tsaye da nasu a ƙafa.

Bayan kwalarar da ta ratsa ƙauyukanmu ne aka kafa kwamiti a Birnin Kudu, domin a tsayar da abubuwan da dole kowane ma'aikacin lafiya na karkara ya iya kafin a ba shi takardar shaida. Ni ce sakatariya, ban daɗe da dawowa daga jami'a ba. Allura da wankin ciwo ba su jawo gardama ba. Abin da Malam Abdulsalami, shugaban masu koyarwa, ya nace a kai shi ne ɗalibi ya iya tsayawa gaban jama'a ya yi musu bayani har su gane. Wanda ya kasa, ko ya fi kowa a takarda, sai ya maimaita shekara.

Don a gwada wannan ƙa'ida muka ɗebo ɗalibai zuwa Dingaya, ran kasuwa, saboda a sami taro. Aka ba Buba maganar haƙa masai da illar yin bayan gida a bakin rafi.

Ya yi sallama, aka amsa. Daga nan sai shiru.

"Ba wannan ne akun ajin ba?" in ji Sista Jummai, malamarsu, ƙasa-ƙasa. "Ko a mota ya baro bakin?"

Wani mahauci ya ɗaga murya daga baya: "Likita, in wa'azin shiru ne, ai mu ma mun iya!" Aka yi dariya.

Na lura Buba ko kusa ba ya duban hannun dama, inda wani farin dattijo ke zaune, sandar kiwo a kan cinyarsa. Na tambayi matar da ke kusa da ni ko wane ne.

"Ɗanbala ke nan, uban matarsa. Saniya ya kawo kasuwa. Haba 'yar nan, ɗan mutunci zai buɗe baki ya ambaci kashi a gaban surukinsa?"

Sai da na yi ta maza kafin na matsa kusa da Malam na raɗa masa. Ya daɗe yana shafa gemu.

"Na gane," ya ce. "Amma gobe in aka tura shi yankinsu fa? Rabin garin surukansa ne, kuma daga rafi ɗaya suke sha."

"A canja masa magana mana, Malam," in ji Sista. "A ba shi ta sauro."

"Sauran suna kallo, Jummai. In na lanƙwasa ƙa'idar ranar farko, ba ta ƙara miƙewa." Ya juya, ya ce a hankali, amma yadda kowa zai ji: "Buba, ko ka fara, ko ka zauna na bayanka ya matso."

Buba ya buɗe baki, ya rufe. 

Dattijon ya dubi Malam, ya dubi sauran ɗaliban da ke jere. Bai dubi Buba ba. Ya dogara sandarsa ya miƙe, ya kakkaɓe bayan rigarsa, ya bi ta bayan masu sayar da fura ya nufi kara, inda ake cinikin shanu, ya bar wa Buba fili.