Jambaki a Ƙafar Maraƙi

Shanun Isyaku na yanka ne, ba na tatsa ba. A wani kango a Tarauni yake turke su, yana ɗura musu dusa da harawa har mahauta su zo su taya. Saniya ɗaya ce tal a cikin bijiman, ita ma don ya kiwata ta ya sayo ta, ashe da cikinta ta zo. Mutumin da ke wuni yana tuƙa adaidaita-sahu, ina ya ga lokacin duba cikin saniya? Matarsa Husaina ce ta je ba su ruwa wata safiya, ta tarar da maruƙa biyu maza, farare sol, kunnuwa baƙaƙe, ba ka ce ga wanda ya fi wani ba.

Kafin azahar labari ya kai gidan surukansa a unguwar Gyaɗi-Gyaɗi. Inna Talatu, mahaifiyar Husaina, ta iso da jan zare guda biyu, tsawonsu ɗaya, ta ɗaura wa kowanne a wuya.

"Tagwaye ba a bambanta su," in ji ta. "Abin da aka yi wa wannan, a yi wa wancan. In suka yi fushi, ki wayi gari kunamu sun cika miki ɗaki."

Wa zai yi mata musu? Ita ta haifi tagwaye, Hassana da Husaina, ko da yake Hassana ba ta kai kwana arba'in a duniya ba ta koma. Don haka Inna ta tare a gidan, ta zama shugabar maruƙa ba tare da kowa ya naɗa ta ba.

To, Husaina irin matan nan ce da in aka ce kar a buɗe tukunya, ranar ba ta da sukuni. Ta lura duk sanda ta shiga kangon, maraƙi ɗaya na ƙarƙashin hantsa yana kaɗa wutsiya, ɗaya na kwance a gindin katanga.

"Wancan ya sha ya ƙoshi ne," Inna ta ce mata. "Karɓa-karɓa suke yi. Ku ma haka kuka yi, duk sanda na duba ɗaya na shan nono, ɗaya na barci."

Amma wane ne ya sha, wane ne ke sha? Tambayar nan ta maƙale wa Husaina a wuya. Ta tare mijinta yana goge gilashin adaidaitarsa.

"Malam, kai kana gane su kuwa?"

"Ni da ko fasinjan da na sauke ɗazu ba na ganewa? Don Allah kar ki haɗa ni da Inna."

Ta bari Inna ta tayar da sallar la'asar, ta zaro jambakinta daga jaka, ta lallaɓa ta goga wa mai shan nonon a cikin ƙafar baya, inda sai ka sunkuya za ka gani. Tana yi tana waige-waige, don ita ma ba wai ta daina tsoron kunama ba ne.

Da yamma ta sunkuya, mai jambaki ke sha. Washegari da sassafe, mai jambaki. Da hantsi ma shi ne dai. Sai ta tsaya ta kalli abin har ƙarshe. Na gindin katanga ya miƙe da ƙyar, ya tako yana tangaɗi, ɗan'uwan ya bangaje shi da kafaɗa ba ma tare da ya saki nonon ba. Da mai jambaki ya ƙoshi, saniyar ta ji hantsarta ta yi sauƙi, ta yi gaba abinta wajen harawa. Baiwar Allah ba ta iya ƙirga ba, a ganinta ɗa guda ta haifa, kuma ya sha.

Husaina ta sa yatsa a bakin na kwancen. Bakin sanyi ƙalau, amma ya kama yatsan yana tsotsa kamar zai cire shi. Ta san in aka ƙara kwana a haka, bola za a kai shi. Ta kuma san faɗa wa Inna daidai yake da tona wa kanta asiri. Ta je ta kira ta.

"Ke, me kika yi wa tagwaye?" Inna ta ce da ta ga jan.

"Inna, zauna kawai ki gani."

Suka zauna a kan buhun dusa. Inna ta fara da mita, mitar ta yi ƙasa, ta ɗauke. Ta ga bangazar, ta ga saniyar ta yi gaba, ta ga ƙaramin ya koma gindin katanga ya kwanta, kwanciyar da ba ta ƙoshi ba ce.

"Tun yaushe?"

"Tun jiya shi kaɗai ke sha."

Inna ta juyo ta kalli 'yarta, kallo mai tsawo, tun daga kumatu har damatsa. Sai a lokacin Husaina ta gane abin da ta nuna wa tsohuwar. Ita maruƙa kawai take son ganewa. Tausayi ya kama ta, da wata irin kunya ta jikin nan nata mai ƙiba, har ta ja mayafi ta rufe hannuwanta.

Inna ta miƙe. Da hannunta ta kwance jan zaren mai jambaki, ta zura masa igiya, ta miƙa wa Husaina.

"Riƙe wannan. Ya sha na mutum biyu."

Ta tallafo ƙaramin, ta durƙusa a gefen saniyar, ta matso nono a yatsanta ta shafa masa a baki, sannan ta saka masa kan nonon. Ya laluba, ya suɓuce, ta sake saka masa. Da ya kama, wutsiyarsa ta fara motsi a hankali.

"Sha, Hassana," Inna ta ce ƙasa-ƙasa. "Ina kallo yanzu."

Maraƙin namiji ne. Husaina ta ƙara riƙe igiyar, ba ta gyara mata ba.