Kitson Goggo na Ƙarshe

Ludayin ya suɓuce daga hannun Mero, kunu ya malale a kan tabarma. Tana tsaka da ba Goggo abinci barci ya sace ta a zaune.

"Kin gani ko?" in ji Goggo. "Ke ad da ciwo, ɗiyata, ba ni ba."

Ba jini ya haɗa su ba, zana ɗaya ce ta raba gidajensu a Kaoje. Aure ne ya kawo Goggo daga ƙetaren iyaka, wajen Benin. Mijin ya rasu, ba ta haihu ba, 'yan'uwanta na can sun ƙare ɗaya bayan ɗaya. Da ƙafafunta suka daina ɗaukarta a tsakiyar damina, Mero ce ta tsallako. Wanka, wanki, juya ta don kada bayanta ya yi gyambo, ga yankan shinkafa a fadama da safe. Mijin Mero, Na'Allah, ya yi faɗa har ya gaji, ya ce jiki ba ƙarfe ba ne.

Abu ɗaya Goggo ta roƙa: kada ta cika babu mai laƙƙana mata kalmar shahada. Mero ta ɗauki alkawari, tun ranar kuma take tsoron rufe ido. Barci kuwa, kewarsa take yi kamar yadda ake kewar uwa.

Goggo ta miƙa hannu ta zame mata ɗankwali. Ita da ta yi shekaru tana yi wa matan unguwa kitso, ta ga kai ya cukurkuɗe, ta ja tsaki. Ta ce ko mahaukaciyar kasuwa ta fi Mero gyara. Mero ta ce a bari sai ta warke.

"Aza kanki nan ga cinyata," in ji Goggo. "Wanne ya hi sauƙi, kina zaune ko kina kwance? Irin na garinmu za ni yi miki."

Mero ta kwanta, da niyyar ba za ta rufe ido ba. Yatsun suka shiga gashinta a hankali. Goggo tana ta labarin gidan ubanta, da tsamiyar ƙofar gida, da yadda take son ta sake gani ko sau ɗaya. Can Hausar ta ƙare mata, ta koma yaren garinsu, Dendi. Rabon da Mero ta ji daɗi irin wannan har ta manta.

Kiran sallar la'asar ne ya tashe ta. Ɗakin shiru, cinyar da ke ƙarƙashin kuncinta ta yi sanyi.

Ta san ta makara. Duk da haka ta karanta kalmar, a hankali, kamar mai jiran a maimaita. Hawaye na gangarowa cikin kunnenta, amma ba ta ɗaga kai ba, don hannun Goggo yana nan cikin gashinta, riƙe da silin da ba ta ƙarasa ba.