Awon Kumatu

Masifatu ta sake sauraron saƙon muryar, sannan ta kife wayar a kan keken ɗinki da ƙarfi, har gwangwanin allurai ya faɗo ƙasa.

"Ƙawas, wannan karon ma ki ɗan rage mini ƙugun da hannun. Kin san motsa jiki nake yi yanzu." Sai dariya ta biyo baya.

Motsa jiki! Kumatu ce za ta yi motsa jiki? Matar da ko ruwa za ta sha sai ta jira mai wucewa ya miƙo mata? Tun suna makaranta ake ce mata Kumatu saboda cikar fuskarta, ita kuma aka laƙaba mata Masifatu saboda bakinta, kuma a cikinsu babu wadda aka zalunta. Aure ya ɗauke Kumatu ya kai ta wata uwa duniya, 'ya'ya suka girma, furfura ta fito, amma ba ta taɓa yarda wani tela ya sa wa yadinta almakashi ba. Ta aiko da yadi, Masifatu ta ɗinka ta ba direba. Shekara da shekaru saƙon ɗaya ne: ki ƙara, ki saki. Bana kuwa sai a rage, a kuma ragewa.

Mai rage ƙiba ciki ne yake sauka masa. Amma wancan karon har kafaɗa aka ce ta rage. Wa ake raina wa hankali?

Ta kira babbar 'yar Kumatu. Yarinyar ta yi ta kame-kame, da ta sha matsa sai ta fashe da kuka. Ciwon daji ne, an daɗe ana magani. "Mama, ita ta hana a gaya miki. Ta ce hawan jininki zai tashi."

Ai kuwa ya tashi. Masifatu ta rufe shago, ta cusa yadin da almakashi da tef ɗin awo a jaka, ta nufi tasha. Duk tsawon hanyar nan ba ta runtsa ba, tana ta jera maganganun da za ta yaɓa mata. Tsoro na nan a ƙasan ranta, amma fushi ya fi daɗin riƙewa.

Ta iske Kumatu a falo, zaune cikin rigar da ta ɗinka mata bara, rigar tana lilo a jikinta kamar an rataye ta a ƙusa. Kumatun da aka yi mata suna da su babu ko alamarsu.

"Ƙawas! Ke ce? Ba ko waya?"

"Rufe mini baki. Waya? Ke kin san amfanin waya? Maƙwabta sun sani, dangin miji sun sani, har mai kawo muku ruwa ya sani. Ni ce bare, ko? Ni aikina in yi ta rage riga kamar wata sakarya!"

"Don Allah ki zauna ki sha ruwa."

"Ba na sha! Ranar da uban 'ya'yana ya rasu, wa ya kwana yana jin kukana a waya? Kin ɗauki nawa kin rungume, naki kuma kin ɓoye a ƙarƙashin gado. Da sai dai kawai a kira ni a ce in yi haƙuri?"

Muryarta ta karye a nan, abin da ya ƙara ba ta haushi.

Kumatu ta sunkuyar da kai. "Kowa kallon mara lafiya yake mini. Ke kaɗai kika rage mai zagina kamar da. Ban so in rasa wannan ba."

"To ga shi kin samu, har gida. Tashi tsaye."

Ta zaro tef. Rabonta da auna jikin nan tun suna da ƙuruciya, don awon a kanta yake. Ta zagaya ƙirji, ta zagaya ƙugu, ta duba lambar, ta sake dubawa. Ta sa aka jawo mata tsohon keken da ke jingine a lungu, ta zuba masa mai, ta hau shi da faɗa.

Kafin la'asar riga ta fito, ta zauna wa Kumatu daidai. Sai dai da ta shafa gefen, ta ji kauri. Ta juya cikin rigar, ta ga yadi ninke a kowane gefe, faɗinsa ya kai tafin hannu.

"Ƙawas, kin manta ba ki datse rarar ba."

"Ni ce zan manta? Awonki na gaskiya ne a ciki. Ranar da kika cike, in farke in saki." Masifatu ta mayar da almakashin jaka ta zuge zif. "Kuma ina nan zaune a gidan nan sai na farke shi da hannuna. Ki kuskura ki sa na yi asarar yadi, ki gani."