Allon da Ke Mantuwa da Azahar

Bahijja ta karanci lantarki, amma aikin gwamnati bai samu ba, sai ta kama shago a Tudun Wada tana gyaran inbata da kayan sola. Shagon rabi ne na wani tsohon gareji da aka raba da bango. Ɗaya rabin na Malam Nagoda ne, mai walda, dattijo marar yawan magana. Akwai 'yar ƙofa ta baya a tsakaninsu, wadda tun kafin zuwan Bahijja makullinta ke hannunsa. Mitar wutarsu ma ɗaya ce.

Wata rana Mama Victoria ta zo. Tsohuwar nas ce da ta yi ritaya ta koma kiwon kaji a Tudun Jukun. Ta ce ta gaji da jiran kaza ta ga dama ta kwanta, injin ƙyanƙyasa take so, wanda zai riƙe zafi daidai, ya riƙa juya ƙwai da kansa, ya kuma san ranar da zai daina juyawa.

"Na fara kai wa Adnan mai gyaran waya, wata guda yana ce mini gobe," in ji ta. "Ke za ki iya, 'yata?"

Bahijja ta ce za ta gwada.

Malam Nagoda ne ya ƙera akwatin. Ita kuma ta aika Legas aka kawo mata allon da zai zama ƙwaƙwalwar injin: ɗan abu kore, bai kai tafin hannu ba, da wani ɗan baƙin guntu da ake kira maikirokontrola a tsakiya, da ƙananan allurai jere a gefe. Wuni guda ta yi kwamfutarta ta ƙi ganin allon, har ta fara zargin jabu aka turo mata, kafin ta gane kebul ɗin ne na caji kawai. Da ta sauya, ta rubuta layi goma na umarni, ta tura wa allon. 'Yar fitilar allon ta fara ƙiftawa. Bahijja ta yi dariya ita kaɗai.

Cikin mako biyu ta haɗa ma'aunin zafi, da ƙwan fitila mai ɗumama akwatin, da ɗan injin da ke karkata tiren ƙwai, da ƙaramin gilashi mai nuna zafi da adadin kwana. A rana ta goma sha takwas juyi zai tsaya, in ba haka ba 'yan tsakin za su wahala wajen fitowa. Mama Victoria ta kawo ƙwai talatin na gwaji.

Duk wannan lokaci Malam Nagoda yakan leƙo. "Injiniya, wannan jar wayar ina ta nufa? To, abin da kika rubuta, a ina yake zama? Wani zai iya kwashewa?" Tana ba shi amsa, amma tambayar ƙarshen ta tsaya mata a rai, musamman da ta ga Adnan ya soma zama a bencin mai waldar da yamma.

A rana ta uku da sa ƙwai ta tafi gida sallar azahar da cin abinci kamar kullum. Da ta dawo, gilashin ya nuna kwana sifili.

Ta gyara lissafin da hannu, ta bi abin da ta rubuta layi-layi, ba ta ga kuskure ba. Washegari ma haka. Safiya lafiya, yamma lafiya, in ta kulle shago ta kwana ta dawo lafiya. Sai dai tsakanin azahar da la'asar, lokacin da ba ta nan, allon ya manta komai ya soma daga farko. Abin da ta sani yana sa shi haka shi ne a danna ɗan maɓallin da ke gefensa, ko a zare masa wuta. Duka biyun kuwa sai da hannu.

Ta barbaɗa hoda a kan maɓallin, ta ɗaura baƙin zare a ƙasan ƙofar baya. Da ta dawo hodar na nan yadda ta bar ta, amma zaren ya tsinke.

A ranar, da Malam Nagoda ya gaishe ta, a taƙaice ta amsa. Ta riƙa kallon hannunsa, da aljihun rigarsa inda wayarsa ke leƙowa. Ko gyaran murya ya yi a bayan bango sai ta tsayar da aiki ta kasa kunne.

Sai ta tuna allon yana iya faɗin abin da ya tashe shi. Ta ƙara masa umarni: duk sanda ya farka, ya rubuta dalili. Washegari ta karanta: wuta ce ta yanke masa, sau huɗu. To, ashe zare shi ake yi a jona a wata kwamfutar. Haka ta yanke.

Ta kira Mama Victoria ta zayyana mata. Tsohuwar ta ce, "Kin gani da idonki?"

"Zaren fa, Mama?"

"Zare na ji. Mutum nake tambaya."

Don haka ranar Alhamis Bahijja ta yi sallama da maƙwabta da ƙarfi yadda kowa zai ji, ta fita, ta zagayo, ta faki ido ta koma ciki. Mama Victoria ta garƙame kwado daga waje ta tafi shan inuwa wajen mai fura. Bahijja ta tsuguna bayan tulin batura, gumi na bin bayanta.

Ba a jima ba makulli ya motsa a ƙofar baya. Malam Nagoda ya shigo, shi kaɗai, da buta a hannu. Ya tsaya gaban akwatin ya daɗe yana kallon gilashin. Ya buɗe, ya kara bayan hannunsa a jikin ƙwai ɗaya, ya jawo wani murfin gwangwani da Bahijja ba ta taɓa lura da shi ba a can ƙarƙashin tire, ya tsiyaya ruwa, ya mayar. Allon kuwa ko kusa da shi hannunsa bai je ba. Ya rufe, ya fita, ya murɗa makulli.

Bahijja na nan tsugune, ta rasa yadda za ta fassara abin. Gilashin na nuna kwana bakwai. Sai ta ji ya ja babban injin waldarsa, wanda rabonta da jin ƙararsa tun da ta soma wannan aiki. Ya buga wuta a ƙarfe. Ƙwan fitilar akwatin ya dushe ya dawo, gilashin ya ɗauke, ya dawo da sifili.

Ta buga ƙofar baya da tafin hannu. Ƙarar ta tsaya. Da ya buɗe ya gan ta, ya ɗage gilashin fuskarsa, ya dubi ƙofar gaba da ke kulle, ya dubi gurbin da ta ɓuya. Bai buƙaci bayani ba.

"Baba, injinka ne ke ja mini wuta," ta ce, muryarta ba ƙarfi.

"Shi ya sa nake bari sai kin tafi. Na ga ƙara na hana ki tunani."

"Ruwan fa?"

"Ƙwai ba ya son bushewa. Mahaifiyata zabi ta kiwata. Na ga kin manta da shi, ban so in ce wa mai ilimi ta manta ba." Ya dubi ƙasan ƙofar. "Zarenki ma na gani. Da hodar."

Kunya ta rufe ta, amma tambayar ta ƙi zama. "Adnan fa, Baba?"

"Ya ce in ɗauko masa hoton yadda kika haɗa wayoyin. Sau biyu ya roƙa."

"Ka ɗauka?"

Malam Nagoda ya zare makullin ƙofar baya daga cikin sauran makullansa, ya ajiye a kan teburinta. "Ki yi aikinki, Injiniya," ya ce, ya ja ƙofar.

Gyaran bai ci awa biyu ba. Ta ba allon nasa batir, ta kuma sa shi ya riƙa ajiye adadin kwana a inda ɗaukewar wuta ba ta gogewa. Ta ƙara ma'aunin laima, ta riƙa zuba ruwan da kanta. A rana ta ashirin da ɗaya 'yan tsaki goma sha tara suka fito, biyu suka biyo washegari, sauran ba su yi ba.

Adnan ya daina zuwa benci. Ko kora ce, ko ya riga ya sami abin da ya zo nema, Bahijja ba ta sani ba, kuma ba ta da bakin sake tambaya. Gaisuwa kawai ke haɗa ta da maƙwabcin nata.

Da Mama Victoria ta zo kwashe 'yan tsakin a kwali, ta ce matan cocinsu uku suna son irin injin, babba.

"Sai an ƙera akwatuna ke nan," in ji Bahijja, tana kallon bango.

"To, ki je mana. Ko ni zan je miki?"

Bahijja ta gyara mayafi, ta zagaya ta ƙofar gaba, ta yi sallama. Malam Nagoda na goge wani ƙarfe. Ya saurare ta har ta gama bayanin akwatunan, bai ɗago ba.

"Ki rubuto awon a takarda," ya ce. "Zan duba."